Damina Ɗaya a Gonar Kawu

Gonar da nake nomawa ba tawa ba ce. Ta Kawu ce, yayan mahaifiyata, aro ya ba ni. A wajenmu, nan tsakanin Bagwai da Rimin Gado, babu sauran daji. Gona tana jikin gona, in ka yi tari a taka, mai ta gaba zai ce maka sannu. Da aka raba gadon mahaifinmu, abin da ya zo hannuna ɗan fegi ne wanda geronsa ba ya kai mu ko tsakiyar rani. Gonar Kawu ce take riƙe da tukunyar gidana. Tana gabas da gari, da ɗorawa a tsakiyarta, da gamba a iyaka. Shekara da shekaru ina kai mata taki a mangala, ni da jakina, har ƙasarta ta yi baƙi ta yi laushi. Na san inda ruwa yake kwanciya a cikinta, na san gefen da wake ya fi so.

Kawu mahauci ne, kuma kowa a garin ya san abin da ya raba shi da gonar. Tun ina sabon aure, wata rana ya wuni yana huɗa, washegari ya tashi ƙafarsa ta kumbura kamar an hura. Aka ce wani abu ya taka, binne masa aka yi. Ya warke ya koma, ta sake tashi. Daga nan ya rantse ba zai ƙara sa ƙafa a cikinta ba. Ya kira malamai suka yi addu'a a kusurwoyinta, suka ce ko da akwai abin, da sunansa aka yi, ba zai kama wani ba. A kan haka ya ba ni ita. Ciwon bai bar shi ba, amma ya ce ai abin ya riga ya shiga jiki. A hankali yatsunsa suka yi ƙulli-ƙulli, gwiwar hannunsa ta fito da tudu kamar ƙwan zabo, riƙon wuƙa ya gagare shi. Babban ɗansa, taubashina, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya, shi ya karɓi yanka da fiɗa. Kawu sai zama a gefen tukuba ran kasuwa, yana lura da tsire yana faɗa da masu ciniki.

Ran kasuwa ina da rabo. Tun ina yaro Kawu yake ware mini hanta da ƙoda, wani lokaci da saifa, a gasa a barbaɗa yaji. Bayan rasuwar mahaifiyata abin ya zama kamar farilla. Ba ya yarda in ƙunshe in tafi gida. A kan benci zan zauna a gabansa, yana kallona har in suɗe yatsa.

"Ci, ɗan ƙanwata," yake cewa. "In kana tauna ita nake gani."

Sai shekarun tsanani suka shigo. Kwanon gero ya yi tsadar da ba mu taɓa ji ba, takin zamani ya fi ƙarfin irinmu, shiga mota ya koma sai dole. Rumfar Kawu da ake kayar da sa ta koma akuya, wata kasuwar ma a yi kwantai. Amma rabona bai taɓa fashi ba. Wani sa'in ina ci ina sunkuyar da kai, don cikin masu wucewa na san waɗanda tun babbar Sallah ba su ɗanɗana ba.

A cikin waɗannan shekarun ne ƙafata ta fara.

Da asuba na tashi zan yi alwala, na sa ƙafa a ƙasa, na koma na zauna. Babban yatsan dama ne, daidai gaɓar da ya haɗu da ƙafa. Ya yi ja, ya kumbura, yana sheƙi. Zafin ba irin na ƙaya ba ne, ba irin na kunama ba. Kamar an daka kwalba an ɗura a cikin gaɓar. Maiɗakina ta zo wucewa gefen zaninta ya shafe shi, na yi ƙarar da ta tashi yara. A zaune na yi sallah, kuma ko a zaunen ban iya lanƙwasa shi ba.

Na ce targaɗe ne. Aka kira mai ɗori ya ja yatsan, na kusa suma. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho, ya nuna mini baƙin jini ya ce ga sanyin nan ya fito. Na aika kyamis aka sayo ƙwayar kashe zafi. Bayan 'yan kwanaki ya lafa, fatar wurin ta saɓule kamar ɓawon albasa, na ɗauki fartanya na koma aiki na manta. Bayan 'yan watanni ya dawo. Sannan ya dawo a idon sawu. Sannan tazarar ta fara raguwa.

Abin da ya fi zafin damuna shi ne jiran. Ko lafiya nake, hankalina yana kan yatsan. In na farka shi nake fara motsawa. In ya ɗan yi tsam a gona sai in tsaya in cire takalmi in duba. A ajin yaƙi da jahilci da muke yi bayan la'asar a firamare, malam yana rubutu a allo, ni ina matsa yatsa a ƙarƙashin benci. Zama wuri ɗaya ya gagare ni. In na zauna a dandali sai in ji kamar akwai aikin da ya kamata in gama kafin ya dawo, in miƙe in tafi gona ko ba abin yi.

Kuma na ɓoye wa Kawu. Maiɗakina ce ta fara faɗin abin da ni ma yake raina.

"Malam, in Kawu ya ga ƙafar nan, gonar zai ce."

"Na sani."

"To in ta tashi ran kasuwa, sai a ce ka tafi ɗaurin aure."

Haka muka yi ta yi. Na halarci ɗaurin aure da yawa a ƙauyukan da Kawu bai san kowa ba.

Taubashina ne ya kama ni. Ya zo aron jaki da hantsi, ya same ni a zaure na ɗora ƙafa a kan buhu.

"A'a! Har an dawo daga ɗaurin auren? Ko amaryar ce ta taka ka?"

"Kai dai ja jakin ka tafi. Ɗan'uwanka ne, ya fi jin maganarka."

Ya yi dariya, amma da ya sunkuya ya ga yatsan sai dariyar ta tsaya. Ya san wannan jan. Shekara da shekaru yana ganinsa a ƙafar ubansa.

Kafin azahar ga langa daga gidan Kawu, farfesun kayan ciki, da saƙon in shanye romon tas, mai jinya sai da ƙarfi. Na shanye, don ni ma a lokacin abin da na sani ke nan. Washegari ga wata langar. Ciwon da ya saba lafawa cikin 'yan kwanaki ya zauna, ya haura gwiwa.

Sai Kawu ya zo da kansa a bayan babur, abin da ya daɗe bai yi ba. Aka sauko da shi ya zauna a tabarma, ya ce in miƙo ƙafar. Ya daɗe yana kallonta. Ya kawo hannunsa mai ƙulli kusa da ita, bai taɓa ba. Ya san ba a taɓawa.

"Abin nan bai mutu ba," ya ce. "Na ɗauka da ni kaɗai yake. Ashe duk wanda ya shiga."

"Kawu, shekara nawa ina nomanta lafiya?"

"Ni shekara nawa na yi kafin ya kama ni? Me zan ce wa uwarka ran gobe? Na ba ɗanta gona ta cinye masa ƙafa?" Ya juya wajen ɗansa. "Mutumin nan na birni da yake ta aike, mai son gina gidan kaji, ka ce masa ya zo. Ya malale ta da siminti kowa ya huta."

Maiɗakina tana bayan zana tana ji. Na ji ta dire kwano a ƙasa.

Ban ga laifin taubashina ba da bai hana shi ba. Sana'arsu tana mutuwa a hannunsa, in an sayar ya sami jari. Kawu kuwa ƙauna ce ta sa shi. Da ƙiyayya ce da na san yadda zan yi, in tara manya a ba shi baki. Amma wa zai je ya ce wa mutum ya daina tsoron abin da zai nakasa ɗan ƙanwarsa? Lokacin rani ya raba, na riga na kai rabin takin. Nakan dogara sanda in je bakin gonar in tsaya ina kallon tsibin da na zuba, in dawo gida, in kasa zama, in sake fita.

Malamin ajinmu ne ya ce in daina yawon ƙaho in je a auna jinina, ya ce ya taɓa ganin irin wannan a wajen wani surukinsa. Na sayar da bunsuru na shiga birni.

Likitar yarinya ce a ido, amma ba ta da gaggawa. Ta duba takardar gwajin, ta duba ƙafar, ta ce sunansa gawut. Ta ce akwai wani abu a jinin kowa da ake kira yurik asid, ƙoda ce take tace shi ta fitar a fitsari. A jikin waɗansu ba ya fita yadda ya kamata, sai ya taru ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai. Ta tambaya ko akwai mai irinsa a dangi. Na ce kawuna, na kwatanta mata hannunsa. Ta ce to ga shi nan, yana bin jini, kuma ƙullin nan shi ne inda ake kaiwa in an bar shi shekaru ba magani. Ta tambayi abin da nake ci. Na ce tuwo da miyar kuka, kamar kowa. Sai na tuna, na ce da hanta da ƙoda duk ran kasuwa, da farfesu in na kwanta.

Ta ajiye biro. "Baba, wa yake ba ka?"

"Wani mai ƙaunata."

"To ka ce masa ya ƙaunace ka da nono."

Ta ce kayan ciki in bar su gaba ɗaya, jan nama sai kaɗan jifa-jifa, lemon kwalba in manta da shi. Gero da wake ba laifi. Ruwa kuwa in sha da yawa. Amma ta ce barin nama kaɗai ba zai isa ba. Ta rubuta magani iri biyu, ɗaya na ranar da ya tashi, ɗaya na kullum wanda yake rage abin a jini. Ta ce in na ga ƙuraje sun feso mini in dakata in dawo da sauri, kuma ƙwayoyin kyamis da nake watsawa barkatai in bari, suna taɓa ƙoda da ciki. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce in saurara da kyau. A watannin farko ciwon zai iya tashi ko ina sha, tsohon abin da ya daskare ne yake motsi. In ya tashi kada in daina.

"Har yaushe zan sha?"

"Muddin rai, Baba. Sai dai a rage ko a ƙara, shi ya sa za ka riƙa zuwa ana auna ka."

Wannan ya yi mini nauyi. A wajenmu mai lafiya ba ya shan magani. Kana sha ne in ka kwanta, ranar da ka miƙe ka soke ragowar a jikin azara don wani. Na yi ta maza na tambaye ta gona fa, na ba ta labarin a taƙaice. Ba ta yi dariya ba. Ta ce gona ba ruwanta, sai dai in mutum ya wuni a rana yana gumi bai sha ruwa ba, wannan kan tayar da shi. Na tuna Kawu da huɗarsa ta wuni guda.

A mota ina komowa na yi ta haɗa baƙaƙen sunan maganin a jikin kwali har na iya, don kada wani ya miƙo mini daban ya ce duk ɗaya ne.

Da ƙafar ta sauka, ran kasuwa na je. Kawu ya gan ni a tsaye ya ji daɗi, ya sa aka kawo rabona a takarda yana tururi. Ƙamshin ya cika mini baki da yawu. Na zauna na sa hannuwana tsakanin gwiwoyi.

"Ci mana."

"Kawu, an hana ni."

"Wa ya hana ka?"

"Likita. Ta ce ciwon nan a jini yake, na gado ne, kuma kayan ciki suna tayar da shi. Ta ce ba gonar ba ce."

Taubashina ya tsaya da sara. "Jama'a ku zo ku ji! Mutum ba shi da na cefane, ya je ya samo ciwon alhazai. Gobe sai ka ce kujerar jirgi ce take sa ka ciwon baya."

Mutanen rumfa suka kwashe da dariya. Kawu bai yi ba.

"Wato naman da nake ba ka tun kana yawo ba wando shi ne guba."

"Ban ce ba, Kawu."

"Ka ce mana. A shekarar da mutane suke kankarar tukunya, ni na cire daga bakin 'ya'yana na ba ka, ka zo gaban jama'a ka ce ni na sa maka ciwo."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Hannuna har ya tafi wajen takardar. Yanka ɗaya da ya kashe maganar. Amma in na ci yau, zan ci kasuwa mai zuwa, ƙafar ta tashi, gonar ta tafi. In ban ci ba na ɓata wa mai gonar. Ko ta ina na duba gonar ce a bakin rami. Na janye hannun.

"Kawu, damina ɗaya nake roƙo. Ka dakatar da mutumin birni. In bar nama, in sha maganin, in noma ta da ƙafata. In na kai kaka a tsaye ka bar mini. In ta kayar da ni, ni da kaina zan raka shi ya auna ta."

Kawu ya gyara tsire a bakin wuta. Sannan ya tura takardar gaban wani tsoho da yake zaune a gefe ya ce bisimilla.

"Damina ɗaya," ya ce, bai dube ni ba. "Kuma ranar da ta kumbura ba sai ka aiko ba. Zan ji."

Na ƙarasa kai takin. Ruwan shuka ya yi jinkiri a shekarar, muna ta kallon gabas, hadari ya haɗu ya watse. Da ya sauka gari ya fita gaba ɗaya. Shuka a wajenmu aikin ƙafa ne. Ka sara da sungumi, ka jefa iri, ka rufe da ƙafa ka danna. Duk ramin da na rufe da wannan yatsan na rufe shi, ina danna ƙasa ina sauraron abin da zai ce. Ya yi shiru. Ina tafe da jarkar ruwa ina sha ko ba na jin ƙishi, har maƙwabcin gonata ya leƙo ta kan gamba ya ce ko ni ma shuka ni aka yi. Kullum bayan asuba maiɗakina takan miƙo ƙwayar da kofin ruwa tare da koko.

Ran kasuwa ban daina zuwa gaida Kawu ba. Yakan amsa a gajarce. Ba ya ware komai, ba ya cewa in zauna. Nakan ɗan tsaya a bakin rumfar in juya. Wannan ya fi rashin naman ciwo.

Gero ya fito, ciyawa ta biyo shi, lokacin noman farko ya yi. Sai na farka wata asuba da shi. Ja, kumburi, sheƙi, kamar ranar farko. Ina shan maganin ba fashi, ko ƙashi ban tsotsa ba. Na zauna a bakin gado ina kallon kwalin. Na fara tuna kusurwoyin gonar ɗaya bayan ɗaya, da gindin ɗorawa inda na taɓa tono wani tsohon kasko na yar ban kawo komai ba.

"Wataƙila Kawu ne da gaskiya," na ce wa maiɗakina.

"Likitar ba ta gaya maka zai yi haka ba?"

"Ta faɗa."

"To ka yarda da ita ranar da ta faɗi mai daɗi, yau kuma ka ƙi? Ungo, Malam, sha."

Na sha na kullum, na sha na tashin. Na kwanta kwana biyu ina jin fartanyun mutane suna wucewa ta bayan katanga, ina ganin ciyawa tana hawa kan gerona ko na rufe ido. Amma bai daɗe kamar da ba. Da na iya taka diddige na ɗauki 'yar kujera ta tsuguno na tafi. Ina zaune ina noma abin da hannuna ya kai, in ja kujerar gaba, in sake.

A haka taubashina ya same ni. Ya tsaya a kan iyaka ya riƙe ƙugu.

"Baba ya ce in zo in duba ko ta kayar da kai."

"Ka gan ni a kwance?"

"Na ga jariri mai gemu yana koyon rarrafe."

Ya dubi ƙafar, ya dubi ciyawar da ta rage. Na san abin da sayar da gonar zai yi masa, shi ma ya san na sani. Sai ya tsallake gamba ya shigo, abin da ubansa ya hana su tun da ya rantse a kan gonar. Ya fizge fartanyar daga hannuna.

"Kawo nan. Kana noma kamar mai tsefe kitso."

Ya yi mini kunya uku ko huɗu yana zagina, ya jefo mini fartanyar ya tafi. Daga baya na ji abin da ya gaya wa Kawu: wai ya same ni a gona ina noma.

Sauran daminar na yi ta ne a ɗarare. Yatsan ya ɗan motsa a lokacin maimai, wato noma na biyu, bai kwantar da ni ba. Akwai makon da maganin ya kusa ƙarewa, babu a kyamis ɗin garinmu, na hau keke har Dawakin Tofa ina nuna kwali shago-shago ina karanta abin da suka miƙo kafin in karɓa. Na koma birni aka sake auna jinin. Likitar ta ce ya sauka amma bai kai inda take so ba, ta ƙara ƙarfin ƙwayar. Na so ta ce an gama. Ba ta ce ba.

Muka kai kaka. Geron bai yi kamar na shekarun takin zamani ba, amma ya yi. Wanda aka ara wa gona yakan kai wa mai ita dami na godiya. Na ɗora wa jaki, na ɗauki ɗaya a ka, na cire takalmi a ƙofar gidan Kawu na shiga na sauke a gabansa. Bai dubi damin ba. Ƙafar yake kallo.

"Na ji ta tashi a noman farko."

"Ta tashi, Kawu. Ba ta kayar da ni ba."

"Uhm." Ya murza gwiwar hannunsa. "Abin yana nan. Lafawa ya yi. Wataƙila ƙwayar taka ce take danne shi."

 Sai na ce likitar ta ce ko yanzu in ya je aka auna shi magani zai rage masa.

"Ni? In bar hanta da furfurata? Mahauta su ji da wane kunne?" Ya kaɗa hannu. "To ita likitar taka me ta ce ka ci, tunda nama guba ne?"

"Nono."

"Nono. Kamar maraƙi."

Taubashina yana tsaye a bakin ƙofa. "Baba, mutumin birni fa? Jiya ma ya aiko."

"Ya jira." Kawu ya juyo ya dube ni a ido, karo na farko tun ranar rumfa. "Ka ƙara damina ɗaya."

Haka muke har yau. Bai taɓa cewa ya bar mini ita ba, bai taɓa cewa gonar lafiya take ba. Duk kaka in kai dami, ya duba ƙafa, ya ce in ƙara ɗaya. Ƙwayar ina sha kullum, ciwon ya yi nisa da ni, amma har yanzu in na farka yatsan nake fara motsawa. Ran kasuwa akwai ƙwaryar fura da nono a kan benci, Kawu yana kallona har in shanye yana mitar cewa ɗan ƙanwar mahauci ya koma tsotso. Hantar kuwa yanzu ya yarda a ƙunshe, maiɗakina ake kai wa.

Mutumin birni ya sayi gonar da take kudu da mu, ya zagaye ta da bulo. Daga gindin ɗorawa ina jin kukan kajinsa. Rani ya shigo, taki ya taru a turke, jakin yana ɗaure a ƙofar gida. Damina ɗaya aka ba ni, ita zan kai wa takin.